Ƙasa biyar a kwana 14, kuskuren da bana so ƙannena su maimaita

Ƙannena masu shirin goya jaka ku zaga ƙasashe, ku ɗan bani aron hankalinku, domin abinda zan faɗa muku a jikina na ji shi, kuma har yau in na tuna Lome sai naji wani abu ya tokare min ƙirji.

A 2022 ne, lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i na ASUU da aka fara a watan Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba. Zaman gida ya isheni, na ɗan tara kuɗi daga gyaran waya da nake yi, sai nace bari in ga duniya ko kaɗan ne. Gana ta buɗe bodojinta na ƙasa a ƙarshen watan Maris bayan shekara biyu a rufe saboda korona, ga shi ɗan Najeriya baya buƙatar biza a ƙasashen ECOWAS, tun yarjejeniyar 1979 kana iya shiga ka zauna har kwana 90. Na buɗe taswira a waya na zana hanya: Kano zuwa Legas, Kwatano, Lome, Akra, Kumasi, Tamale, Wagadugu, Yamai, Maraɗi, in shigo ta Jibiya in dawo gida. Ƙasa biyar, kwana 14, kowane gari na rubuta masa ranarsa a takarda, babu rana ko ɗaya da na bari fanko. Duk wahalar da na sha daga baya daga wannan takardar ta samo asali.

Abinda ban gane ba shine taswirar waya tana lissafa maka awannin da mota zata yi tana gudu ne kawai. Bata san sai mota ta cika take tashi ba, kana iya zama a tasha daga hantsi har azahar ana jiran mutum biyu. Bata san shingaye ba, bata san layin boda ba, bata san direba zai tsaya ɗaure kaya ko gyaran taya ba. Legas zuwa Akra bai kai rabin nisan Kano zuwa Legas ba, amma boda uku ne a tsakani, Seme, Hilakwanji, Aflawo, kuma kowacce sai ƙasar da kake bari ta buga maka hatimin fita, wadda kake shiga ta buga na shiga. Ranar da zaka tsallaka boda ka ɗauka ta tafi gaba ɗaya, kar ka ɗora mata komai, in ka isa da wuri to ribar ƙafa ce.

Tun kafin in bar Najeriya ma lissafin ya wargaje. Saura kwana huɗu in tashi na je na yi allurar rigakafin ciwon shawara aka bani katin nan mai ruwan ɗorawa, na saka a cikin fasfo hankalina kwance. Da na sauka Agege wajen wani abokin babanmu da yake saro kaya a Kwatano, bayan mun ci tuwo yace ɗana kawo takardunka in gani. Ya ɗaga katin saitin kwan lantarki, ya ɗora yatsa a kan kwanan watan, yace wannan katin bai nuna ba tukuna, sai allurar ta cika kwana 10 yake fara aiki. Nace Baba to ya za'ayi, yace zama zakayi. Akwai samari a wajen da suka ce in tafi kawai, in aka tsare ni in miƙa wani abu in wuce, Baba ya girgiza kai yace wanda ya fara tafiya da haka a kowace boda sai ya sunkuyar da kai. Na zauna kwana biyar a Agege. Yanzu na san gaskiyarsa, allurar nan sau ɗaya ake yinta ta isheka har ƙarshen rayuwa, to dan Allah ku yi ta wata guda kafin tafiya, kuma ku yi allurar da gaske, kar ku sayi kati babu allura, sauron da ke ɗauke da cutar baya duba takarda.

Haka kuma a boda zaka haɗu da masu babur suna ce maka zo in tsallakar da kai ta baya ba sai ka bi layi ba. Kar ka yarda. In babu hatimin shiga a fasfonka, ranar da zaka fita daga ƙasar ko aka tsareka a wani shinge a ciki, bakada bakin magana.

To da kwana biyar suka tafi, maimakon in zauna in cire ƙasa ɗaya ko biyu daga lissafi, sai nace zan rama da sauri. Nan ne babban kuskurena, yafi na katin ciwo. Hausawa sunce sauri ya haifi nawa, ni kuwa sai da na gani da idona. Kwatano kwana ɗaya nayi. Na isa da yamma, na hau zem, wato acaɓansu masu riga ruwan ɗorawa, ya kaini unguwar Zango, da safe na leƙa kasuwar Dantokpa ko awa biyu ban yi ba na kama hanya. Ganbiye, garin da aka gina a kan ruwa a tafkin Nokuwe, wanda saboda shi na saka Benin a lissafi, ban je ba. Wida da ƙofar da aka riƙa fitar da bayi ta bakin teku, ta gefenta muka wuce a mota. Lome kuwa ko kwana ban yi ba, garin yana manne da bodar Aflawo, na sauka daga wannan motar na taka zuwa boda, abinda na gani na Togo shine teku da bishiyoyin kwakwa ta tagar mota. Fasfona yana da hatimin Togo amma in ka tambayeni ya abincinsu yake ko ya masallacinsu yake, bani da amsa, kuma wannan abin yana damuna sosai.

Abu ɗaya da na tsinta a daren Kwatano shine darasin kuɗi. Na zauna wajen wani mai shayi ɗan Nijar, mutumin Tawa, na sha shayi da burodi nace malam nawa ne, yace dala sittin. Nayi shiru ina kallonsa, ya gane baƙo ne, ya ɗauko tsabar kuɗi ya jera min a kan tebur yana nuna min, yace ƙanena a wajenmu sefa biyar ita ce dala ɗaya, dala ashirin sefa 100 kenan, dala sittin 300, jika ɗaya kuma sefa 1000. Ya sa na maimaita har sau uku sannan ya karɓi kuɗinsa. Wannan lissafin ku haddace shi tun daga gida, duk inda ake Hausa a ƙasashen sefa da shi ake ciniki.

Sai dai kuskuren canji na riga na tafka shi tun a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano. Da yake huɗu daga cikin ƙasashe biyar ɗin sefa suke kashewa, Benin, Togo, Burkina da Nijar, sai na juya kusan duka kuɗina zuwa sefa. Ban lura ba cewa yawancin kwanakina a Gana zan yi su, ita kuma sidi take kashewa. Na canza naira zuwa sefa na yi asara, na sake canza sefa zuwa sidi a bakin boda inda farashi yafi muni na sake yin wata. Katin bankina da na dogara dashi kuwa na'ura uku na gwada a Akra ko ɗaya bata bani komai ba. Ku lissafa kuɗi da yawan kwanan da zaku yi a kowace ƙasa, a boda ku canza na mota da na abinci kawai, sauran sai kun shiga gari kun tambayi mutanen Zango wajen wa suke canji. Ku raba kuɗin gida uku a jikinku. Kuɗin komawa gida kuma ku ware shi daban a ƙulle, ku ɗauka ba naku bane.

Damina ma ban lissafa ta ba. Na auna da Kano inda ruwa yake kankama a Agusta, ashe a bakin teku watan Yuni ne tsakiyar ruwa. A Akra an wuni ana tsuga shi, na fake a wani shago a unguwar Nima takalmina ya jiƙe sharkaf, tafiyar Elmina da na so yi in ga gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482 ta sha ruwa. Jakata kuma tayi nauyi, na cusa kaya kala takwas har da babbar riga, duk motar da na shiga sai an caje ni kuɗin kaya. Kala uku ko huɗu sun isa, da sabulun wanki, da silifas, da 'yar darduma mara nauyi, da abin cajin waya. Agogo kuma ku tuna daga Togo zuwa Gana awa ɗaya suke bayanmu.

Amma Nima ta share min hawaye. Ka shiga lungu kaji ana Hausa, wata irin Hausa mai daɗi da ta ɗan sha bamban da tamu, da safe ga koko da ƙosai, kokon ma sunansa a bakin mutanen Gana kokon Hausa, ga wake da shinkafa da suke kira wace, sunan daga waken namu ya fito, ga tuwon zafi. Na yi sallah a babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021. Shawarata a nan, duk garin da zaka sauka a wannan hanyar ka nemi Zango tun kana gida, ka samu lambar mutum ɗaya ta hannun ɗan uwa ko maƙwabci ko ɗan kasuwar unguwarku, ka rubuta a takarda saboda waya tana mutuwa. In ka isa ka fara da masallaci, ka gaida manya, ka faɗi daga inda kake da wanda ya turoka. Ƙannena mata, ku wannan ya zama dole a kanku, ku tafi da ɗan uwa ko cikin ayari, a san gidan da zaku sauka kafin ku tashi, kuma kar dare ya same ku a boda.

Daga Kumasi, inda na kwana ɗaya a Aboabo na ratsa kasuwar Kejetiya a guje, na hau motar Tamale, kusan kilomita 380. A can ne tafiyar ta tsaya cak. Na je tasha ina tambayar motar Paga, bodar Burkina, sai wani dattijon direban babbar mota da yake alwala kusa dani yaji ina cewa daga Wagadugu zan wuce Yamai. Ya ajiye butar yace yaro ta wace hanya, nace ta Fada Ngurma. Yace iyayenka sun san da wannan? Ya zaunar dani a benci ya bani labarin yadda 'yan bindiga suke tare hanyar gabashin Burkina, yace su da suka shekara ashirin suna binta yanzu sai sun yi shawara sun sake shawara. A watan Janairun shekarar sojoji suka yi juyin mulki a ƙasar kan maganar tsaron nan, na ji a rediyo kamar kowa, amma ko sau ɗaya ban haɗa labarin da layin da na zana a waya ba. Da na tambayi direba ɗaya tun a Kano da ban gina rabin tafiyata a kan hanyar da bazan iya bi ba.

Kuma abubuwa sun ƙara canzawa tun daga lokacin. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe boda tsakaninta da Najeriya har zuwa Maris 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Mu kanmu Najeriya ta taɓa rufe bodojinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Saboda haka labarin wanda ya bi hanya bara, har da nawa ɗin nan, bai isheka ba, ka nemi wanda ya biyo ta satin da ya wuce, direbobi da fatake sune suka fi kowa sani.

Dole na juya ta inda na fito, hanya ta ninku, kuɗin da ke hannuna sefa ne na ƙasashen da bazan shiga ba. Na kira yayana na faɗa masa gaskiya, ya tura kuɗi ta hannun wani ɗan kasuwa, aka ce sai bayan kwana uku zasu iso. A cikin kwana ukun nan da babu su a takardata dattijon nan ya haɗani da wani yaronsa muka je Salaga. Tun ina ƙarami nake jin kakana yana ambaton Gwanja, fataken da suke tafiya wata da watanni da jakuna, su kai kanwa da fatu da tufafi su dawo da goro, ashe nan ce kasuwar. Na ga tsofaffin rijiyoyin garin, na ga filin da aka riƙa sayar da bayi, jikina yayi sanyi. Wani tsoho a ƙofar masallaci da yaji daga Kano nake ya riƙe hannuna bai saki ba, yace kakanninsa daga ƙasar Hausa suka zo, ya bani labarin yaƙin basasar 1892 da ya watse garin mutane suka bazu zuwa wasu zangunan. Mun zauna daga la'asar har magariba, ya sa aka kawo min tuwo, babu motar da nake sauri in kama. Duk tafiyar nan in aka ce in zaɓi wuni ɗaya, wannan ne.

Kwana 23 nayi kafin in dawo Kano, ƙasa uku na taka a maimakon biyar, ɗaya ma ta taga na ganta.

Da ƙanena ya zo bara yace shima zai tafi, mun zauna da takarda, nace ya faɗi wuri uku da zuciyarsa take so da gaske, yace Ganbiye, Elmina da Salaga. A kansu muka gina sauran. Kowane gari kwana uku, ranar boda babu komai a kanta, bayan kowane kwana biyar rana ɗaya fanko, tafiya a watan Disamba lokacin da ruwa ya ɗauke. Na kira Baban Agege na shaida masa zuwansa, na rakashi yayi allura saura sati shida, na kuma ciro sauran sefar da ta rage min tun 2022, jika goma sha ɗaya, na bashi nace in ya isa Lome ya kwana biyu a can ya kirani ya faɗa min yadda garin yake.