Saƙon Kawu a Kasuwar Izmailovo

Sanyin Mosko na watan Nuwamba ba ya sallama kafin ya shiga ƙashi. Na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Partizanskaya, yatsuna sun ƙandare, na nufi kasuwar Izmailovo. Ba tsaraba ta kai ni ba, saƙo ne. Kawuna ya yi karatu a Jami'ar Patrice Lumumba zamanin Tarayyar Sobiyet, ya ce in nemo masa littafin da ya goge Rashancinsa da shi: tatsuniyoyin Girkawan dā na Nikolai Kun.

Na wuce rumfunan hulunan gashi da 'yan tsanan katako, na hau sama wajen 'yan gwanjo. Can na tarar da wata tsohuwa ta baza littattafai a kan bargo. Da na ambaci sunan Kun, ko dubawa ba ta yi ba, ta zaro shi. Bangon ya ci duniya, wani yaro ma ya yi wa hoton Herakul, jarumin tatsuniyoyin, gashin baki da biro.

"Babushka, nawa?"

Ta faɗi kuɗi, na taya, ta harare ni, na biya.

Abin da ya tsaya mini a rai ina juya shafukan shi ne yadda gwamnatin da ta rufe coci-coci da masallatai ta bar gumakan Girka suna yawo a jakar 'yan makaranta. Kun ya fara fitar da littafin a 1914, tun sarki na kan gado, amma 'yan gurguzu suka yi ta sake buga shi. Da biyu suka yi. Gumakan da babu mai yi musu bauta ba su da haɗari, kuma a cikinsu akwai Furometiyus, wanda ya saci wuta ya ba 'yan Adam, aka ɗaure shi a dutsen Kaukasus. Karl Marx, uban aƙidar gurguzu, da kansa ya yaba masa. Daga Rum kuwa sai suka ɗauko Spartakus, bawan da ya ja bayi tawaye a shekara ta 73 kafin haihuwar Annabi Isa. Yaro ya ɗauka tatsuniya yake ji, ashe darasin juyin juya hali ake ɗura masa.

A hanyar komawa, samari suka cika taragon da mayafan wuya ja da fari, suna rera waƙar ƙungiyar ƙwallon Spartak, mai sunan wancan bawan. Na cusa littafin Kawu cikin riga don kada a matse shi.