Taragon gyaɗa na zamanin da: yadda na gano layinsa, na ƙera shi da gwangwani

Jirgin ƙasa bai taɓa ɗaukar gyaɗa daga cikin garin Maraɗi ba, amma gyaɗar Maraɗi ta sha hawa jirgi. A mota take barin gari, ta bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina har Kano, inda dogo ya iso tun 1911, a loda ta a tarago a gangara da ita Ikko. Daga 1953 kuma Faransawa suka buɗe hanyar da suka kira Hirondelle: mota ta kai buhuna Paraku, jirgi ya ƙarasa da su kilomita 438 zuwa Kwatano. To duk wanda ya ce zai ƙera ɗan samfurin taragon da ya ɗauki gyaɗarmu, kafin ya taɓa almakashi sai ya san na wane layi yake nufi.

Dalili shi ne faɗin dogo. Tsohon layin Najeriya ƙafa 3 ne da inci 6 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wato milimita 1067. Na Dahome mita 1 cif. Ido ba ya kama bambancin milimita 67 a tsohon hoto, alhali da wannan faɗin ne za ka auna komai na jikin taragon. Ni da fari na ɗauki hoton Kano na yi masa lissafin mita 1, komai ya fito da ragin kusan kashi 6 cikin ɗari, sai da na yanke bango huɗu kafin na farga.

Abin da ke raba gardama shi ne rubutun jikin tarago. NR na nufin layin Najeriya kafin 1955, NRC kuma bayan an kafa hukumar jiragen ƙasa a shekarar. Sai dai ba a rana ɗaya aka sake wa taragu fenti ba, don haka ganin NR bai isa ka rantse cewa hoton ya girmi 1955 ba. A ɓangaren Paraku, OCDN, sunan hukumar jirgin Dahome da Nijar, daga 1959 ne, ya koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin a 1975. In haruffan sun goge, nemi inda aka rubuta nauyin tarago babu kaya. Kalmar TARE ba ta taimako, Ingilishi da Faransanci duka haka suke rubuta ta. Abin da ke biye da ita za ka duba: lambobi uku a jere da T da C da Q awon Ingila ne, inda tan ɗaya yake kilo 1016, C ɗaya kilo 50.8, guda 20 su cika tan, Q kuma ɗaya bisa huɗu na C. In ka ga kilo zalla, to hannun Faransa ne. Wanda ya samu damar zuwa tashar Kano ko Zariya, ya nemi izinin ma'aikata tukuna, sannan ya duƙa ya duba gefen ƙarfen da ya ɗauki daɓen tsohon tarago. Akwai ƴar faranti mai sunan kamfanin da ya ƙera da shekara, irin su Metropolitan-Cammell ko Gloucester na Ingila. Ita ce takardar haihuwarsa.

Daga nan sai ƙarƙashi, inda yawancin masu ƙira ke yin ganganci saboda jiki ne ke ɗaukar ido. Nawa na layin Najeriya ne, mai bogi biyu, wato ƴan firam ɗin ƙafafu da ke juyawa a ƙarƙashin tarago, kowane da ƙafa huɗu. Tsofaffin bogi sandunan ƙarfe ne shafaffu da aka lanƙwasa aka ɗaure da noti, kana hango haske ta tsakaninsu; na baya zubi ɗaya ne. A bakin kowace ƙafa akwai akwati mai murfi da ake cusa wa tsumman auduga da mai, kuma shi ya sa wurin kullum baƙi ƙirin yake da danƙo. In ka ga ɗan murfi zagayayye ba akwati, boris ne, taragon ba na zamanin dalar gyaɗa ba ne ko kuma an sake masa ƙafafu. Birkin tsofaffin taragun Najeriya na zuƙe iska ne: kan jirgi ya zuƙe iskar bututu birki ya saki, iska ta shiga ya kama, don haka in jirgi ya tsinke sai duka ɓangarorin su tsaya da kansu. Alamarsa tiyo mai kauri mai gaɓa-gaɓa kamar maƙogwaron rago, babu famfo a gindinsa, da wata tukunyar ƙarfe tsaye a ƙarƙashin daɓe. Mahaɗin kuwa ɗaya ne tak a tsakiya, irin da ake kira ABC, shi ke ja shi ke tare karo. Faranti biyun nan na gefe da ake gani a hotunan jiragen Turai ba su da gurbi a nan. Haka ma taragun sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, faɗin dogonsu milimita 1435 ne, kada a kwaikwayi komai nasu a wannan aiki.

Na zaɓi ƙanƙantawa sau 25. Mita ɗaya santimita 4 ke nan, kuma akwai wata garaɓasa: inci ɗaya na gaske yana zama kusan milimita ɗaya daidai, ga shi kayan Ingila duk da inci aka ƙera su. Dogo ya zama milimita 42.7. Masu sayen kaya daga waje suna yin sau 87 a kan dogo mai milimita 12, amma a wannan ƙanƙanta ƙafafu da mahaɗi ba su yiwuwa da hannu, kuma babu mai sayar da su a kasuwarmu.

Awo daga hoto kuwa ga yadda na yi. Na buga hoton da ya fuskanci goshin tarago a takarda babba. Tsakanin ƙarafan dogo, daidai ƙarƙashin goshin ba can gaba ba, ya ba ni milimita 41, faɗin jiki 98. Raba 98 da 41, ka ninka da 1067, ka samu mita 2.55, wato milimita 102 a samfuri. Tsayi ma haka. Da tsayin ne na koma hoton gefe na fitar da tsawo, ya kama kusan mita 11, santimita 44. Matsalar ita ce kusan duk tsofaffin hotuna a karkace aka ɗauke su, ɓangaren nesa ya tsuke. Kada ka sa rula ka raba biyu. Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ka ja na biyu, inda suka gitta nan ne ainihin tsakiya. Maimaita a kowane rabi har ka gano mazaunin ƙofa da ginshiƙai.

Jiki da gwangwanin madarar gari na yi shi, manya guda 5. Ƙarfe ne mai rufin kuza, kaurinsa kamar milimita 0.2, dalma na kama shi tsaf. Gwangwanin lemo alminiyam ne, dalma ba ta kama shi ko ka kwana kana gasawa, sai dai a yi rufi da shi a manna da gam. Yanke baki da gindi, ka ƙona fentin sama-sama ko ka goge da samfefa, ka miƙar da shi a kan katako da kwalba kamar mai murza fulawa. Kada ka buga da guduma, kowane bugu tabo ne. Kawunan ribiti kuwa ta baya ake fito da su kafin a haɗa bango: ƙusa inci 2 da aka dakushe bakinta da magagari, a ɗora gwangwanin a kan katako mai tauri, bugu ɗaya mara ƙarfi, tazarar milimita 4. A kan katako mai laushi sai wurin ya lotsa gaba ɗaya. Bayan an gama jere bangon zai ɗan lanƙwashe, a juya shi a sake murzawa a hankali.

Daɓe filawud ne mai milimita 3, da ginshiƙai biyu na gwangwani da aka naɗe kamar kwata a ƙarƙashi. A nan hunturu ya koya mini hankali. Katakon da na manna a watan Agusta, iska na da laima, kafin Janairu ya bushe ya ja jiki, daɓen ya yi doron kunkuru har ƙafafun tsakiya suka bar dogo. Yanzu katako sai ya yi wata guda a ɗaki, kuma fuska biyu nake shafa wa fenti rana ɗaya. Wanda aka shafa wa gefe ɗaya dole ya lanƙwashe.

Dalma iri biyu ce. Ta masu gyaran rediyo, mai ƙaro a ciki, tana narkewa wajen digiri 190, ta isa ƙananan kaya. Dogayen kusurwoyi kuwa sai na bi hanyar masu ƙera mazurari da fitila a kasuwa: ƙarfen jan gaci a cikin gawayi, da ruwan asid da aka kashe da tutiya. Yana riƙe zafi fiye da na lantarki mai wat 40, ga shi ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Amma ruwan nan mugu ne. Samfurin farko da ban wanke ba, cikin mako biyu tsatsa ta keto ta ƙarƙashin fenti a duk layin haɗi. Maganin yana madafa: jiƙa kanwa cokali ɗaya a ruwan ɗumi lita ɗaya, a wanke da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye, a shanya a rana nan take. A yi aikin a fili, a wanke hannu kafin cin abinci, dalma guba ce.

Ƙafafu ne suka fi cin rai. Washa na yi amfani da su: ta noti 16, mai faɗin milimita 30, ita ke taka dogo, ta noti 18, mai 34, ita ce leɓen da ke hana zamewa. A haɗa su da dalma, a toshe ramin da katako, a huda tsakiya daidai, a zura ƙarfen ƙafar keke mai milimita 2. In hudar ta kauce ko da rabin milimita ne, tarago zai riƙa ɗingishi. Na yi 14 kafin na samu 8 masu kyau. Tsakanin bayan ƙafa da bayan ƴar'uwarta milimita 35.5, kuma na yanke ɗan katako mai wannan tsawon ina gwada kowace da shi. Bogi ɗaya a ɗaure shi ya juya kawai, ɗayan a bar masa sako-sako ya yi rawa ta ko'ina. In duka biyu suka yi tsauri, ƙaramin tudu ya isa ya jefar da tarago. Tukunyar birki guntun sirinji ne mai mililita 20, tiyo kuma wayar jan gaci da aka naɗe da siririyar wayar tsohuwar fanka.

Rufin kwano ya zo da sauƙi. Tazarar tudun kwano inci 3 ce, milimita 3 ke nan. Jera ƙarafan ƙafar keke a kan katako da ratar milimita 1, ɗora alminiyam ɗin lemo, bi kowane kwari da bakin biro da ya ƙare.

Tarago shi kaɗai a kan tebur maraya ne, sai da yadi, wato filin tasha da layukansa. Allona mita 1.8 ne da santimita 50. Dogo ragowar alminiyam ne daga masu haɗa tagogi, kauri 2 tsayi 6, an nutsa 1.5 cikin silifa, wato matashin da dogo ke kwanciya a kai. Silifar kanta a tsofaffin layukan nan galibi ta ƙarfe ce saboda gara, kamar kwatar da aka kifa, bakinta a lanƙwashe ƙasa, don haka launin tsatsa za a ba ta, ba na katako ba. A mararraba, inda dogo biyu suka gitta, na bar rata milimita 4 don leɓen ƙafa ya wuce, sai ƙafar mai taki milimita 3 ta riƙa faɗawa ramin. Na cika gindin ratar da gam da garin katako har zurfin ya rage milimita 2, ƙafar ta haye a kan leɓenta. Sandar juya mararraba mai dunƙulen nauyi, ƙusa ce da dalma.

Tankin tasha da ke ba kan jirgi ruwa shi ne ya fi sauƙin ganewa a hoto. Irin na Braithwaite faranti ne murabba'i masu ƙafa 4, kowane da tambari a matse a tsakiyarsa, an ɗaure su da noti. Ƙirga farantin ka san girman tanki ba tare da lissafi ba. A samfuri kowane milimita 49. Sikelin auna tarago kuma ana gane shi da yanka biyu a jikin dogo da ɗan ɗaki a gefe.

Fenti da sassafe ake fesa shi. A zafin Afrilu, da rana ta ɗaga yakan bushe a iska ya sauka kamar yashi. Hoto baƙi da fari ba ya faɗin launi, tsohon fim ma yakan mai da ja ya koma kusan baƙi, saboda haka na tsaya a jan fentin nan mai hana tsatsa, na dusashe shi da jar ƙasa da aka tankaɗe a rariyar shayi, da garin gawayi a bakin akwatunan mai. Buhuna kada a yi su da algarara ta gaske, saƙarta a wannan girma kamar raga take. Farin yadi mara kauri da aka rina a ruwan shayi ya fi, santimita 4 da 2.5, a cika da yashi. Na farkon da gero na cika su, ɓera ya yi dare ɗaya ya kwashe rabin lodin, har ya ɓalle ƙofar taragon garin fita.