Yadda muke tantance ƙungiya kafin mu miƙa mata zakka da sadaka

Duk shekara kafin azumi muna tara zakka da sadakar 'yan unguwa, wani kaso mu raba da hannunmu, wani mu miƙa wa ƙungiyoyin agaji. Abin da muke fara tambayar kowace ƙungiya shi ne lambar rajistarta ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa. A Najeriya yawanci ƙungiyar agaji tana yin rajista ne da sunan amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni, wato CAMA ta 2020, kuma kowa zai iya saka sunanta a shafin binciken hukumar ya ga ko tana nan. Daga nan sai asusun banki. Idan ka saka lambar asusu a wayarka, suna zai fito kafin ka tura. Dole sunan nan ya zo daidai da na takardar rajista. In sunan mutum ɗaya ya fito aka ce maka ai ma'aji ne, dakata. Banki yana neman takardar SCUML, sashen da ke yaƙi da halasta kuɗin haram, kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu, kuma yawanci mutum biyu ne ke sa hannu kafin kuɗi ya fita. Asusun mutum ɗaya ba shi da wannan birki.

Amma takarda ba ta nuna riƙon amana. Mun taɓa ba wata ƙungiya mai cikakkiyar rajista kuɗin rijiyar burtsatse, aka turo mana hoto da allo ɗauke da sunan mamacinmu. Da wakilinmu ya je bayan wata uku, sai ya tarar da allon wani daban, ga ramukan tsofaffin ƙusoshi a jikin siminti. Rijiya ɗaya ake sayar wa mutane da yawa. Tun daga ranar muke biya kashi uku: bayan gwajin ƙasa, bayan an haƙa an ga ruwa, sannan bayan an sa famfo mai unguwar wurin ya shaida. Muna kuma tambayar wanda zai riƙa gyara, domin famfon tuƙa-tuƙa in robarsa ta cinye ba mai saye, haka zai zauna a bushe.

Roƙon kuɗin asibiti da ke yawo a WhatsApp da Facebook shi ya fi taɓa zuciya, shi kuma ya fi haɗari. Mukan saka hoton maras lafiyar a Google Lens, manhajar gano asalin hoto, sau da yawa sai a ga tsohon hoto ne daga wata ƙasa. In ya tsallake wannan, mutum ɗaya ya je asibitin, ya ga maras lafiya a gadonsa, ya duba lambar kati, ya biya a wurin karɓar kuɗi ya karɓo rasit. Ba ma ba ɗan rakiya tsaba sai kuɗin abinci da mota.

Kada a cakuɗa zakka da sadaka. Zakkar kuɗi kashi 2.5 ce cikin 100, idan dukiya ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, ta kuma shekara. Masu cin ta jinsi takwas ne da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, shi ya sa rijiya da gyaran masallaci muke yin su da sadaka. Ƙungiyar da ba ta da lissafin zakka daban ba ma ba ta zakka. Wanda ba shi da lokacin bincike zai iya kai tasa hukumomin zakka na jiha, kamar na Kano da Sakkwato, ya nemi rasit.

Wurin rabo kuwa ba ma yin shela. A watan Maris na 2024 mata da yara sun rasu a turmutsutsu wajen rabon zakka a Bauchi, kuma cunkoson jama'a shi ne sanadi. Limami da mai unguwa da dattijuwa ɗaya su ke rubuta sunaye, domin ita ta san bazawarar da ba ta ɗora tukunya ba amma kunya ta hana ta magana. Buhun hatsi mai kilo 100 kwano 40 ake lissafa shi; mu 38 muke lissafawa saboda zuba da dusa. Kowane gida kwano biyar, a ƙulla a leda tun da rana, yara su kai bayan sallar isha'i, ba ɗaukar hoto.