Yadda Muka Sabunta Kayan Wutar Tsohon Injin Jirginmu

Injin da ke bayan jirginmu na katako ya girme ni, domin mahaifina ya saye shi a hannu tun kafin a haife ni, kuma da shi muke ɗaukar buhunan hatsi da fasinjoji a Kogin Kwara, tsakanin Yauri da ƙauyukan da ke ƙetare. Mai ƙarfin doki 40 ne, silinda biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da mai. A daminar da ta wuce ya ɗauko wata ɗabi'a mai tayar da hankali: da sanyin safiya ja ɗaya yake tashi, amma bayan tafiyar kusan rabin sa'a sai ya fara tari, ƙarfinsa ya ragu, daga bisani ya mutu, kuma ba ya sake tashi sai ya huce.

Kowa a bakin ruwa ya ce kafireto ne. Sau uku muka kwance shi muka wanke, muka canza tiyon mai, matsalar tana nan. Ranar da ya mutu mana a tsakiyar ruwa da mata da yara a ciki, igiyar ruwa tana jan mu gefe muna ta fama da filafili, a ranar na yanke cewa ba zai sake ɗaukar kowa ba sai an gano asalin cutar.

Wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyaran injinan ruwa shi ya nuna mini inda zan duba. Ya ce, "Ɗana, injin da ke mutuwa idan ya yi zafi, ka fara tuhumar wuta kafin mai." Ya sa muka kunna shi har ya mutu da kansa, nan take ya zare filogi ya jingina shi a jikin injin, na ja igiya. A silinda ta sama tartsatsin shuɗi ne mai ƙara, a ta ƙasa kuwa ja ne mai rauni, wani lokacin ma babu.

Irin wannan injin ba ya buƙatar batir. A samansa akwai babban faifan ƙarfe mai maganaɗisu a ciki, kuma idan ya juya yana wucewa ta gaban kwayil biyu, wato naɗaɗɗun wayoyi, ya haifar da lantarki. Kontak, wato ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa, yana buɗewa a daidai lokacin da fistin ya kusa kaiwa sama, kondensa ta hana bakin kontak ɗin ƙonewa, sai wuta mai ƙarfi ta bi waya zuwa filogi. Kowace silinda tana da nata kwayil da kontak da kondensa. Cire faifan shi ne aikin da ya fi buƙatar haƙuri, kuma dattijon ya hana ni kusantarsa da guduma, saboda duka yana iya raunana maganaɗisun ko ya lalata kan sandar injin. Da na'urar janyewa mai noti uku muka ɗaga shi a hankali har ya saki.

Abin da na gani a ƙarƙashi ya isa bayani. Rufin kwayil ɗin silinda ta ƙasa ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara, laima ta shiga ta bar tsatsa kore a kan wayoyin, bakin kontak ɗin kuma ya yi baƙi ya rarake. Idan kwayil mai tsaga ya ɗauki zafi, siririyar wayar cikinsa tana buɗewa, wutar ta ɓace, idan ya huce ta koma ta haɗu.

Na so in canza kwayil ɗaya kawai saboda tsadar kaya, amma da na lura cewa ɗayan ma shekarunsu ɗaya, kuma ya fara tsagewa a gefe, sai na sayi komai bibbiyu: kwayil, kontak, kondensa, wayoyin filogi da filogin kansu. A ganina wannan ne daidai ga injin da ke ɗaukar rayukan mutane, domin faifan ba abin da ake buɗewa a kan ruwa ba ne. Mun saita tazarar kontak a rabin milimita da ma'aunin ƙarfe, muka goge bakinsa da tsabtatacciyar takarda don kada maiƙon yatsa ya hana shi aiki, sannan muka tabbatar kwayil ɗin ba ya gogar faifan idan ya juya.

Akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe faifan a mazauninsa, kuma namu ya fara cinyewa. Idan ya goce ko kaɗan, lokacin wuta ya ɓaci, sabbin kayan ba za su amfana da komai ba, don haka shi ma muka sa sabo, muka share mazaunin ya bushe ƙarau, muka ɗaure notin sosai.

Mun gwada shi sa'a biyu kusa da gaɓa, ba kaya ba fasinja, kafin na yarda ya ƙetare. Tun daga lokacin yana kai mu kasuwa ya dawo da mu, kuma na ajiye filogi biyu da sifana a cikin gwangwani mai murfi a ƙarƙashin kujerar baya.