Rana muna tare yashi, dare muna jin jita

Na dawo daga M'Hamid a kudancin Maroko, garin da kwalta take ƙarewa sai rairayi iya ganinka. Bikin kiɗan Taragalte ne ya kai ni, amma na isa da kwana biyar kafin a fara, don in yi aikin sa-kai.

Ruwan kwarin Draa ya ja baya, iska kuma kullum tana turo yashi cikin gonakin dabino. Mukan kakkafa busassun rassan dabino a jere, gida-gida, su karya ƙarfin iskar. Wani dattijo ya kama hannuna ya nuna mini dabinon da kakansa ya dasa. Yashi ya binne shi har wuya, ganyen saman kaɗai ke leƙowa. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ranar da aka buɗe biki tafin hannuna duk bororo. Jitar Abzinawa ta tashi cikin dare, sanyi na ratsa bargo. Waɗanda muka sha rana tare su suka matsa mini a bakin wuta, suna fassara mini baitocin da ke magana kan fari da ƙaura.

In Allah ya yarda zan koma in ga ko shingenmu ya tsaya.