Abin da rusau ɗin Jidda ya yi wa Gwaggo

Gwaggona ta fi shekara goma a Jidda tana aikatau, irin matan da a gida ake ce musu 'yan Kano-Jidda. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, kullum cikin fargabar kame take, kar a kai ta tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, a Shumaisi a tiso ƙeyarta gida. Akwai gidan da ta yi aiki aka ware mata kofi da faranti nata daban, yaran gidan kuma in ransu ya ɓaci sai su ce mata abda, wato baiwa, uwarsu na ji ko tari ba ta yi.

Amma wallahi in ta kira waya dariya take, har tsiya take mana. Na daɗe ina ɗauka taurin zuciya ne, ashe Karantina, unguwar da take zaune, ce ke riƙe da ita. In ta tashi aiki ta koma unguwa ga matan Kano ga na Damagaram da Maraɗi, a tuƙa tuwo a yi miyar kuka, a zuba adashi, wadda aka zaga yau ta faɗa a taya ta Allah ya isa, a kwashe da dariya kowa ta kwanta.

Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 gwamnati ta shiga rusau, unguwanni irin su Karantina, Ghulail, Petromin, Sabil, duk aka baje. Mutane suka watse, haya ta yi tsada, Gwaggo ta koma kwana a gidan aiki. Zagin dai shi ne na da, bai ƙaru ba, sai dai yanzu in an yi mata ba wanda za ta kai wa da dare.

Nan ta daina bacci. Ciwon kai, faɗuwar gaba, kuka ba dalili, ta kira ni ƙarfe uku na dare ta yi shiru a waya. Mu kuma a gida me muka yi? Aka ce sammu ne, aka aika mata rubutu, wasu ma tambayar su kawai yaushe za ta turo kuɗi. Ni ma ban kawo ciwon damuwa a raina ba, kuma asibiti ba ya shiguwa da sauƙi ga mara takarda.

Wata tsohuwar maƙwabciyarta ce ta nemo lambarta ta saka ta a wani guruf na WhatsApp na matan unguwar. Yanzu duk Juma'ar da ta samu fita suna haɗuwa su biyar a ɗakin ɗaya daga cikinsu. Satin da ya wuce ta turo min saƙon murya, wai in nemo mata daddawa mai kyau, ta can ba ta da ƙamshi.