'Yar shuɗiyar wutar da ke ƙasan hita

Ranar da wutar hitarmu, tankin dafa ruwa mai aiki da gas, ta mutu, ni kaɗai ce babba a gidan. Na buɗe famfon ruwan zafi zan yi wa autana wanka, na tara hannu ina jira, ruwa ya yi ta zuba da sanyinsa. Na ɗauki tocila na nufi lungun da tankin yake, na durƙusa na leƙa ta ɗan gilashin da ke ƙasansa. Duhu ɗum. 'Yar wutar nan mai ci dare da rana, wadda ke kunna babban murhun duk lokacin da ruwa ya huce, babu ita.

Na kira yayana, don ya daɗe a harkar gas. Ban kai ƙarshen bayani ba ya tare ni: "Ƙanwata, kafin komai, kina jin wari?" Ya ce in sunkuya har ƙasa in shinshina, domin gas ɗin tukunya irin namu ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Shi gas ba shi da wari nasa na kansa, da gangan ake zuba masa sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya kama shi. In na ji warin, in ji shi, maganar kunnawa ta ƙare: kada in taɓa makunnin lantarki, kada in ƙyasta ashana, in rufe tukunya, in kwashe yara mu fita, kiran mai gyara ma sai daga waje.

Ban ji komai ba, sai ƙura.

A jikin tankin akwai abin murɗawa mai rubutu uku: OFF, PILOT da ON. Ya sa na mayar da shi OFF, na buɗe taga, sannan ya ce in ba shi minti 5 cif, ko da akwai ragowar gas a ciki ya watse. Yaro na ta kuka yana rawar sanyi cikin tawul, amma na jira. Daga nan na murɗa zuwa PILOT, na danna shi ciki na riƙe, da ɗaya hannun kuma ina danna maɓallin tartsatsi. Ƙas, ƙas, a na uku sai ga ta, shuɗiya, ba ta fi tsawon farce ba. Na saki hannu, ta mutu. Na sake jiran minti 5, na sake kunnawa, ta sake mutuwa.

"Saurin saki kike yi," in ji Yaya. A nan ya yi min bayanin da har yau nake jin daɗinsa. Kusa da bakin 'yar wutar akwai wani siririn ƙarfe da masu gyara ke kira tamokofil. Ƙarfe biyu ne iri daban aka haɗa kansu, in wuta ta gasa mahaɗar sai su samar da ɗan lantarki, milibolt 20 zuwa 30 kacal. Wannan ɗan lantarkin ke ba wani maganaɗisu ƙarfin riƙe ƙofar gas a buɗe. Kafin ƙarfen ya yi zafi, yatsana ne ke yin aikin maganaɗisun, shi ya sa ake riƙewa daƙiƙa 30 zuwa 60. Daga baya na karanta cewa wani Bajamushe, Thomas Seebeck, shi ya gano wannan ɗabi'a ta ƙarafa a 1821.

Sai da na ajiye waya abin ya zauna min a rai. Wutar ta mutu cikin dare muna barci, ƙarfen ya huce, maganaɗisu ya saki, ƙofar gas ta rufe kanta. Abin da ya hana gidan cika da gas ke nan, ni da yarana muna ciki. Don haka in na ji an ce wani ya gaji da riƙewa ya soke abin murɗawar da tsinke, ko ya ɗaure shi da waya, gabana faɗuwa yake yi. Mai gadin ya ɗaure, ba hita ya gyara ba.

A karo na uku na ƙirga har 60 a bayyane, na saki a hankali. Ta tsaya. Na janye fuskata, na murɗa zuwa ON, sai na ji fuuu, babban murhun ya kama. Yaya ya ce in duba launi: shuɗi ake so. In wutar ta yi rawaya tana lilo, ko dai datti ne ko iska ba ta isa, kuma irin wannan ƙonewar ke haifar da kabon monoksaid, iskar guba wadda ba a gani, ba a jin warinta. Ya kuma sa na daidaita zafin kusa da digiri 49, domin ruwa mai digiri 60 na iya ƙona fatar yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wanda tasa hitar ta bambanta da tawa, ya bi takardar da ke manne a jikinta. Wasu sababbin na buƙatar riƙo mai tsawo fiye da haka.

Bayan kwana biyu ta sake mutuwa. Wannan karon ban yi ta naci ba, na kira mai gyara. Ya zaro tamokofil ɗin ya nuna min a tafin hannunsa: kansa ya yi baƙi ƙirin, ya kuma ɗan karkace, wutar gefensa kawai take lasa. Ya sa sabo, ya share ƙura da saƙar gizo daga mashigar iska, ya shafa kumfar sabulu a kan mahaɗar bututu muka tsaya muna kallo. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taso ba. Da zai tafi ya sa na durƙusa na leƙa ta gilashin, na ga yadda wutar ta lulluɓe kan ƙarfen gaba ɗaya, ya ce, "Hajiya, haka za ki riƙa ganinta."